Nutso da Ƙirji Wayam

Zuciyata ta fara taurin kai ne shekarar da na daina hawa jaki. Sai ta buga uku, ta tsaya hutawa, sannan ta zabura kamar an biyo ta. Likitan Gure ya tura ni Damagaram, na Damagaram ya tura ni Yamai. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku na lakwal, ga ni da jaka cike da takardu kamar alƙali.

A Yamai likitan zuciya ya ce za a sa ni cikin wata na'ura mai maganaɗisu, ta ɗauki hoton zuciyar. In an ga tabon da ke rikita bugun, sai a san ko za a zura waya ta jijiya a ƙone wurin, ko a bar ni da ƙwayoyi. In hoto bai fito ba, sai na koma gida na dawo wani watan. Kwana biyu a mota, gwiwa a haɓa. Na san ba zan sake wannan hanya ba.

Matar da ke aiki da na'urar ta ce, "Baba, za ka iya riƙe numfashi?"

Na ce, "Ƴar nan, shekara talatin ina nutso a rijiya. Duk gugan da ya gagari ƙugiya, daga Gure har Kelle, ni ake kira. Ga tsohuwata, uwar ƴaƴana, can waje, a bakin rijiya ta gan ni ta rikice."

Aka tura ni ramin na'urar, ƙara kamar maƙera goma sun yi gayya. Muryarta ta zo min ta abin kunne: "Shaƙa. Fitar. Riƙe."

Fitar? Wane mahaukaci ne ke nutso da ƙirji wayam? Na fitar da kaɗan don kunya, na sake cikawa a ɓoye. Sau huɗu ina haka.

Ta jawo ni waje. "Baba, kana satar iska."

"Ni? Da furfurata?"

"Ina ganin huhunka. In ka cika shi zuciyar gusawa take, kowane hoto da inda take zaune. Akwai mutane a bayanka. Sau ɗaya zan ƙara."

Ta sake tura ni ramin. Bayana ya gaji.

Da ta ce fitar, na fitar duka. Na kwanta babu komi a ƙirji, babu igiya a ƙugu, babu mai riƙe ta a sama. Tsoron da ban taɓa ji a ruwa ba, na ji shi a busasshen rami. Na riƙe. Ta ce a sake, na sake, har na daina ƙirgawa.

Hoto ya fito. Likita ya nuna min tabon, bai kai ƙwallon dabino ba. Ya ce ƙwayoyi sun isa, likitan Damagaram zai riƙa duba ni.

A waje tsohuwa ta ce, "Malam, ka daɗe."

Na ce rijiyar ce da zurfi. Ta miƙo min sandata, muka nufi tasha a hankali.