Falle Takwas na Ciki

Shekara talatin da ɗaya muna zaune a teburi guda ni da Honorine Vasseur, a ɗakin ɗinki na can ƙololuwar gidan rawa a Paris, inda zafi ke dafa mutum, sanyi ya zo ya ƙame masa yatsu. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba, kuma duk wanda ya san ni, Ursule, ya san ba na yabon mutane a banza.

Aikinmu ɗinka siket ɗin 'yan rawa. Farin yadi ne shara-shara, falle goma sha biyu wani kan wani, a tattare a ƙugu, ya sauka har ƙwauri. In Honorine ce ta ɗinka, yarinya na yin tsalle sai siket ya bi ta sama, ya ɗan dakata a iska kafin ya sauko. Matan masu hali kan zo kallo, washegari su tasa telolinsu a gaba sai an yi musu irinsa, su da ko matakala ba sa hawa sai da nishi.

Mijinta birkila ne, ya faɗo daga gini ya bar ta da 'ya ɗaya, Zélie. Yarinyar ta shiga ajin rawa tana da shekara takwas, daga nan hankalin uwar bai ƙara kwanciya ba, saboda wuta. Fitilun gas a jere suke a bakin dandamali, harshensu a buɗe, daidai inda bakin siket yake wucewa. Wata ranar gwaji da hantsi wata yarinya mai suna Clémence ta matsa kusa da fitilun, kafin a kawo bargo wuta ta kama ta daga ƙugu har gashi. Wata huɗu ta yi a kife tana jinya sannan ta rasu. Honorine ce ta ɗinka wannan siket, ita kuma aka sa ta bi da almakashi ta yanke abin da ya manne a jikin yarinyar.

Bayan haka aka ce a riƙa tsoma yadi a wani ruwan magani mai hana wuta kamawa. Yana hanawa kam, amma yadin sai ya yi tauri, ya yi nauyi, farinsa ya koma kamar ruwan wanki. 'Yan rawa suka ce ba su san zancen ba. Manyan gidan, da yake ba su ne za su ƙone ba, suka fito da takarda: wadda ba ta son magani ta sa hannu, in ta ƙone ita ta jiyo.

Zélie ta yi shekara goma a layin baya, inda ba a ganin komai naka sai gwiwar hannu. Rannan babbar 'yar rawa ta yi targaɗe, malamin rawa ya ce Zélie ta fito gaba ita kaɗai. Ta hau mana matakala a guje tana haki.

"Mama, na sa hannu! Ki ɗinka min da kanki, fari tas, kada ruwan nan ya taɓa shi."

Honorine ta ajiye allura. "Kin sa hannu a me? A takardar gawa?"

"Haba Mama, kowa fa ya sa! So kike in fito kamar buhun dankali?" Ta juyo gare ni. "Anti Ursule, ki yi mata magana mana."

Ni kuwa, Allah ya yafe min, yarinyar na goya wa baya. Na ce, "Ke ma dai Honorine, rawar minti shida ce fa. Yaushe za ta sake samun irin wannan?"

Honorine ta dube mu, ta ce, "To."

Kwana huɗu tana ɗinki. Falle huɗu na waje ta bar su farare, takwas na ciki ta kai gida ta tsoma a ɓoye. Na ga yadda yatsunta suka tsattsage, na gane, na ja bakina na yi shiru. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ranar wasa muna tsaye a gefen labule. Zélie ta yi tsallen farko, jikinta ya tashi yadda ban taɓa gani ba, amma siket ya ƙi bin ta. Ya tsaya ƙiƙam, yana dukan gwiwarta yana ƙara kamar takarda. Wani ɗan iska daga kujerun sama ya yi ihu, "A cire mata labulen nan mana ta sha iska!" Gidan ya ɗauki dariya. Ta daure ta ƙarasa rawarta, amma malamin rawa ko kallonta bai yi ba, washegari ya mayar da ita layin baya.

A daren wasan, ko kayan ba ta cire ba Zélie ta hau ɗakinmu. Ta ɗaga fallen ciki ta ɗora a harshe, don duk 'yar rawa ta san baurin maganin nan.

"Mama, kin tsoma."

"Na tsoma."

"Kin kashe ni."

"A'a, shi ne dai na ƙi yi."

Kafin shekara ta zagayo Zélie ta bar rawa, ta auri wani mai shagon igiya a Rouen, ba ta gayyaci uwarta ba. Wasiƙun Honorine suna dawowa a rufe. Ita kuwa ta ci gaba da ɗinki, siket yana ta guntulewa a hannunta, daga ƙwauri ya koma gwiwa, 'yan matan Italiya suka zo suka haye da shi har cinya. Daga baya lantarki ya zo aka cire fitilun gas gaba ɗaya, amma a lokacin idanunta sun mutu. Na ɗauke ta zuwa ɗakina a unguwar Belleville, tana cin abin da na ci.

Da na ga jikinta ya yi nisa, na rubuta wa Zélie wasiƙa mai zafi, ban rage mata komai ba. Wata Lahadi da la'asar sai ga ta, shekara goma sha tara bayan rabuwarsu, ta yi ƙiba, furfura ta fito mata. Ta tsaya a bakin gado ko hula ba ta cire ba.

Honorine ta laluba ta kamo hannunta, ta ture hannun rigar sama, tana shafa fatar da wuta ba ta taɓa ba, a hankali daga wuyan hannu har kafaɗa, ta dawo ta sake. Ni kuwa na zauna ina kuka.

Zélie ta ce, "Ban fa yafe miki ba, Mama."

"Na sani, 'yar nan. Miƙo min ɗayan."