Bai Taɓa Yi Ba

Aikina yanzu shi ne neman kafa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan baƙin guntun nan da ke yin duk lissafinta, kafar da ɓarawo zai iya bi ya kwashe sirrin mutane. In an tambaye ni inda na fara, nakan ambaci jami'a don a bar ni in huta. Gaskiyar magana a Sharaɗa na fara, a wani kamfanin roba, a bayan yayana.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ɗakinmu ɗaya a Ɗorayi, kekenmu ɗaya. Lokacin da makaranta ta tura mu koyon aiki, shi ya roƙa mini gurbi wajen masu gyaran lantarki na kamfaninsu. Da safe yakan goya ni, yana tuƙi yana mita wai boko ya ƙara mini nauyi. Har yau in na ji warin narkakkiyar roba sai kewar waɗannan safiyoyi ta kama ni.

Butoci injinsa yake fitarwa. Yana da baki na ƙarfe mai buɗewa da rufewa, da ƙofar raga a gabansa. Ƙa'idar ita ce muddin ƙofar tana buɗe, bakin ba zai rufe ba, kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa ce a cikin akwatin wuta take tsare wannan ƙa'ida. In buta ta maƙale sai Yaya ya ja ƙofar, ya zura hannu har gwiwa ya ciro ta, yana ci gaba da hirarsa da wani ɗan Nijar da ke injin kusa da shi. Ni kuwa idona yana kan fitila, don a lokacin wuta ba ta da alƙawari. A ɗauke, a tada janareto, a dawo da ita, duk a wuni ɗaya.

Na ce masa, "Yaya, in an ɗauke wuta hannunka yana ciki fa?"

Ya ce, "Injiniya, tun kana firamare nake tare da injin nan. Bai taɓa yi ba."

Haka kowa yake faɗa a wurin, daga fomanin har mai shara. Ita ce shaidar da ake ba kowane inji, kamar yadda ake shaidar mutumin kirki in an zo binciken aure. Maganar tana ba ni haushi, amma ba ni da abin da zan kare kaina da shi, don ni ma ban taɓa ganin ya yi ba.

Da na samu tafiya karatu waje, a can wani malami ya ba ni abin da na rasa. Ya ce in ka gwada na'ura ta wuce, abin da ka sani kawai shi ne hanyoyin da ka bi lafiya suke, ɓarawo kuwa hanyar da ba wanda ya bi yake nema. Sai ya koya mana yadda ake rubuta duk halin da ƙwaƙwalwar za ta iya shiga, a rubuta abin da aka haramta mata, a bar lissafi ya bi ko'ina. Ƙarshenta ko dai ya tabbatar ba za ta taɓa yi ba, ko ya nuna maka daki-daki yadda za ta yi. 'Yan ajinmu suna tunanin bankuna da katin cirar kuɗi. Ni hannun Yaya nake gani.

Na san tsarin akwatin wutar injin Yaya sarai, don na sha buɗe shi. Na zauna na zuba shi a kwamfuta yadda aka koya mana, na haramta masa abu ɗaya: rufe baki ƙofa tana buɗe. Ya ɗauke ni watanni, saboda ni ɗan koyo ne kuma ga jarrabawa. Ranar da amsa ta fito, ga abin da ta nuna. In wuta ta yi ƙasa daidai lokacin da ake jan ƙofar, ta dawo kafin ƙwaƙwalwar ta mutu gaba ɗaya, sai ta farka da tsohon labari cewa ƙofa a rufe take, ta bar bakin ya rufe ko da hannu a ciki.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba, irin murnar ƙanen da ya ci gardama. Sannan tsoro ya biyo baya. Yaya ba shi da waya, sai na kira mai shagon bakin layinmu na ce a nemo mini shi. Ina jin hayaniyar unguwa ta cikin wayar, 'yan acaɓa da mai tallan rake, kamar in miƙa ƙafa in taka.

Da ya karɓa ko gaisawa ban bari mun gama ba. Na ce, "Yaya, don Allah kada ka ƙara sa hannu a injin nan. Na gano yadda zai yi. In an ɗauke wuta kana cikin jan ƙofa..."

Ya bar ni na kai aya, abin da ba halinsa ba. Sannan ya ce an rufe kamfanin tun kafin azumi, dizal ya fi ƙarfin masu shi. Injinan ma 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun yanka sun kwashe. Bai faɗa mini ba ne don kada hankalina ya rabu biyu.

Sai na tambaye shi lafiyar jikinsa.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Injiniya. Hannuwana biyu suna nan lafiya lau. Abin da zan yi da su ne babu."