Matar da Ke Tambayar Abin da Ke Nan a Da

A bakin Kawu na fara jin sunanta, yana share gumi a gaban kwamfuta. Ya ce, "Idan abin nan ya gagare ni, sai dai mu je wurin A-Da-Fa."

Ya kuwa gagare shi. Muna da shafin intanet na iyali, inda na tara hotuna da muryar marigayi kakanmu. Kowace safiya Kaka sai ta saurari muryar mijinta kafin ta sha shayi. Da Kawu ya kwashe shafin zuwa sabuwar na'ura, sai ya daina buɗewa. Kwana uku Kaka tana ture kofi tana cewa, "Ƙawata, ina kuka kai min tsohon?"

Shagon A-Da-Fa ɗaki ne ɗaya a saman bene, da fanka mai kuka da wayoyi a nannaɗe jikin ƙusa. Dattijuwa ce, gilashinta ɗaure da zare. Shekara ashirin ta yi tana haɗa kira a ofishin tarho. Da aka rufe sashensu ta kusa hamsin, amma ta shiga ajin kwamfuta tare da sa'o'in 'ya'yanta. Sunan ya bi ta ne don duk abin da aka kawo mata, tambayarta ɗaya: "A da fa, yaya yake?"

Ta yi min bayani cewa kowane shafi yana da suna, na'urar da ke riƙe da shi kuma tana da lamba. Akwai rajistar da ke haɗa sunan da lambar, a intanet ake gyara ta.

Kawu ya ce, "Yaya, na saka sabuwar lambar. Sau goma sha ɗaya!"

"Sannu da ƙoƙari, injiniya. A da fa, me ke wurin?"

"Wa zai tuna?"

Ta leƙo shi ta saman gilashi, ta buɗe rajistar. Lambar daidai take. Ta sa kwamfutarta ta tambayi inda sunanmu yake nunawa, amsa ta dawo da tsohuwar lamba.

Kawu ya ce, "Kin gani? Shafin gyaran ne ya lalace."

"Lafiyarsa lau. Kana ta rubutu ne a littafin da ba wanda ke karantawa." Ta nuna wani layi a allon. "A kamfanin nan kuka yi rajistar sunan, amma an mayar da riƙon lambobin wani kamfani daban. Can duniya ke tambaya. Wa ya mayar?"

Kawu ya rantse ba shi ba ne. Sai na tuna. Shekara huɗu baya, kafin babban yayana ya tafi aikin jirgin ruwa, ya miƙo min wata takarda ya ce in adana. Na lika ta a littafin da nake rubuta haihuwa da rasuwa na gidanmu, ban ma san amfaninta ba. Littafin kuwa yana jakata, don ba na fita ba shi.

A-Da-Fa ta karanta takardar, ta tafa hannu, ta nuna ni. "Ga injiniyar gaskiya, kai kuma ɗan rakiya!"

Sunan kamfani na biyu ne a jiki, da kalmar sirri. Da ta shiga, ba ta taɓa komai ba sai da ta sa na kwafe tsohuwar lambar da biro. Sannan ta canza, sau ɗaya tak, ta janye kwamfutar daga gaban Kawu.

"Yanzu a jira. Labari ba ya zagaya duniya nan take. Ka zauna a kan hannuwanka."

Kafin la'asar shafin ya buɗe a wayata. Na kira gida na kunna muryar ta kwamfutar shagon. Kaka ta saurara, can ta ce, "Ji shi, har yanzu bai gama labarin nan ba. A ɗora min ruwan shayi."

Muna saukowa daga bene A-Da-Fa ta riƙo hannuna. Ta ce, "'Yata, alfarma ɗaya. Ki ware shafi a littafin nan naki. Duk wanda zai taɓa rajistar, ki fara rubuta abin da ke nan a da, da kwanan wata. Kalmar sirrin kuma, don Allah, kada kawunki ya gan ta."