Linzamin da Na Ƙera wa Akawal

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina zaune gaban wuta, na ƙera gatura da lauje da hauya da ban san iyakarsu ba, kuma duk sun bi ruwa, ko ɗaya ba na tunawa. Amma akwai wani guntun ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu ba, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Linzamin doki ne, kuma da hannuna na ƙera shi.

Ni maƙeri ne a Madarumfa, gado na yi. Ina da taubashi, ɗan gwaggona, manomi a wani ƙauye ta wajen Safo. Tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana", ni ma haka nake kiransa. Mutum ne siriri, marar hayaniya, sai dai Allah Ya jarrabe shi da son doki. Ingarma ɗaya gare shi, akawal, baƙi wuluk. Harawar wake ta farko tasa ce, kanwa mai kyau tasa ce, kuma duk Juma'a sai ya jawo shi har bakin tabki ya wanke shi. Matarsa kan ce da dokin nan ya iya tuƙa tuwo da tuni an ba ta takardarta.

A wajenmu in an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, ƙauyuka kan gayyaci juna sukuwa. Ba wani abin duniya ake samu ba, suna ne kawai. A wancan filin, dawaki kan tashi daga inda jama'a suke, su zagayo wata bishiyar gawo can nesa, su dawo. Akawal yana da gudu, wannan ba gardama, amma taurin baki gare shi. A sukuwar shekarar da ta gabata shi ya fara isa gawon, da taubashina ya ja shi ya juya sai ya ƙi, ya miƙe da shi sak har cikin garkar wani bawan Allah, ya tattake masa tumatir. Shekara guda na yi ina tambayarsa ko ya samu ya yi sayayya a kasuwar garin Ɗan Issa kafin ya dawo.

To, ana saura mako biyu sukuwa sai ga shi a maƙera. Ya zauna kan kututture ya ce, "Kai bawana, in dai gadon ƙira ka yi ba tsintuwa ba, ƙera mini linzamin da dokin ga za shi ji magana."

Na ce, "Dokin ne ba shi jin magana, ko mai shi ne bai iya hawa ba?"

Ya ce, "Kai dai yi aikinka. Bana in ya sake wucewa da ni, a bakinka zan ɗaura shi."

Nan fa girman kai ya motsa. Akwai wani guntun ƙarfen gini da wani magini ya bar mini, irin mai gaɓa-gaɓar nan da ake sawa cikin siminti. Na sa shi wuta, na murɗe shi, na ɗaga tsakiyarsa ya yi tsini, kuma da gangan na bar gaɓoɓin ban bi su da magagari ba. A raina na ce wannan ko raƙumi aka sa wa sai ya durƙusa. Har nuna shi na riƙa yi wa masu zuwa gyaran hauya, suna yaba mini, ina jin daɗi. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa abin nan cikin bakin mai rai zai shiga ba.

Ranar sukuwa kuwa akawal ya yi abin da ake so. Yana isa gawon taubashina ya fizgi linzami, dokin ya juya nan take, ya dawo ya bar sauran a baya. Ina cikin jama'a ina tsalle da ihu, dattijo da ni, har hulata ta faɗi. Na hango jar kumfa a bakin dokin, ba zan yi ƙarya ba, na gan ta. Sai na ce ai an saba, doki in ya yi gudu yakan ɗan ciji harshe. Na hau kabu-kabu na koma gida ina ta ba mutane labarin linzamina.

Ashe wani da ke tsaye kusa ya ɗauki hoton dokin da salula. Kafin kwana ɗaya ya zagaye gari. Jini na zuba daga bakin akawal har ƙirjinsa, yana ta karkaɗa kai, mutane kuwa na kewaye da shi suna tafi. A kasuwar kifi maganar ke nan, a bakin masallaci maganar ke nan. Mata suka fi kowa zafi. Wata mai sayar da kabeji ta ce a gabana, ba ta san ni ba, wai manyan banza sun rasa abin yi sai azabtar da dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Limaminmu ma bayan Azahar ya ɗan taɓa haƙƙin dabba a kan mai ita, bai ambaci kowa ba, amma na ji kamar da ni yake.

Washegari da la'asar ina aiki rediyo na kunne, sai na ji wani shiri da ake buga waya, an gayyato wata likitar bisashe. Ta yi magana a natse. Ta ce ta sha ganin bakunan dawaki bayan sukuwa, kuma in haka za a ci gaba da yi gara a daina wasan baki ɗaya. Da na ji "a daina" sai wuta ta kama ni. Na ajiye masaba, na ɗauki waya, Allah kuma Ya sa layi ya shiga.

Na ce, "Ku gaya ma Madam, mu tun kakanninmu muke sukuwa. Wanda bai taɓa riƙa linzami ba, mi ya sani ga doki? Doki shi ka son gudu! Ɗan jinin da kunka gani, gobe ya warke. Ta tsaya ga allurar awaki, ta bar ma maza dawakinsu!"

Na kashe waya ina huci, waɗanda ke zaune a maƙera suna ce mini na yi daidai. Yau in na tuna wannan magana sai in yi dariya ni kaɗai, in ce kai, jahilci da ƙarfin hali in suka haɗu a jikin mutum ɗaya ai sai addu'a.

Kwana na uku da hantsi taubashina ya tsaya da moto ƙofar maƙera. Ya yi sallama, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa kamar baƙo, babu "bawana" babu tsokana. Nan gabana ya faɗi. Ya ce tun ranar sukuwa dokin bai sa komai a bakinsa ba, ko ruwa sai ya kai baki ya janye. Na rufe wuta na hau bayansa, muka nufi ƙauyensu.

Mun tarar da akawal a turke, kai a sunkuye, yawu na dalala, cikinsa ya shige. Ga harawa a gabansa ko kallonta ba ya yi. Kusa da shi kuma ga wata mata, ba za ta wuce sa'ar ƴata ta fari ba, da farar riga a kan zanenta, tana wanke hannu. Na yi sallama na ce sannu da aiki. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan yi murmushi.

Ta ce, "Baba, muryar ga na san ta. Ba kai ne ka ce in tsaya ga allurar awaki ba?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na fara kame-kame, ta ce ba komai, ba shi ya kawo ta ba. Ta ɗauko linzamin daga kan danga, jini ya bushe a jikinsa, ta tambayi wanda ya ƙera shi. Taubashina ya nuna ni da haɓa.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in buɗe hannu. Ta ɗora ƙarfen a tafina, ta ce in damƙe. Na damƙe ina ganin wasa ne, don hannun maƙeri ne, fatarsa ta yi kanta, da shi nake ɗaukar garwashi in mayar cikin wuta ban ji komai ba. Ta kama igiyar ta ja. Wallahi ba da ƙarfi ta ja ba, da yatsu biyu ne. Sai da na yi ƙara na saki. Na duba, tsinin ya huda ni a gindin babban yatsa, gaɓoɓin kuma sun kwanta a tafin layi-layi.

Ta ce, "Wanga hannunka ne, Baba, kuma mace ta ja. Shi a kan harshe ya ɗauke shi, namiji na bisa yana fizga da hannu biyu. Zo ka gani."

Ta buɗe bakin dokin a hankali. Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Harshen ya tsage a gicciye, dasashi ya kumbura, a saman bakin kuma tsinin ya yi rami. Dokin bai yi ko motsi ba, ido kawai ya juyo ya dube ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan yi yini guda yana goge linzami ɗaya da magagari da yashi, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne. Sai a ranar na gane abin da tsohon yake yi.

Ta wanke raunin, ta yi masa allura, ta ce a riƙa wanke bakin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a dama masa kunun dussa mai ruwa-ruwa. Ta faɗa mana gaskiya, in ya ƙara wasu kwanaki bai ci ba, sai dai haƙuri. Taubashina ya zaga bayan rumbu ya daɗe bai fito ba, da ya fito kuma idanunsa sun yi ja. Shi yana ganin laifinsa ne da ya fizga, ni ina ganin nawa ne da na ƙera, kowa ya kasa duban ɗan'uwansa.

Ban koma Madarumfa ba. Na aika gida cewa hannuna ya yi rauni ba zan iya riƙe masaba ba, alhali raunin bai kai ya kawo ba, zama kawai nake so in yi. Matar taubashina, wadda kullum take yi wa dokin habaici, ita ta riƙa dama kunun tana tacewa da mayani har sau uku don kada wani tsaki ya taɓa masa ciwo. Ni nake riƙe ƙwarya. Ranar farko ya sunsuna ya kau da kai. Ta biyu ya ɗan tsoma leɓe. Na riƙa yi masa magana kamar mutum, ina ba shi haƙuri, ban damu da masu leƙe ta kan danga ba. A rana ta huɗu ya kurɓi kusan rabin ƙwarya, likitar ta dawo ta duba ta ce akwai alamar sauƙi amma kada mu saki jiki.

Rana ta shida da safe na jiƙa ganyen harawa a ruwa har ya yi laushi, na miƙa masa a tafin hannu ba tare da na sa rai ba. Ya ɗauka. Ya tauna a hankali, gefe ɗaya, ya haɗiye, ya sake miƙo baki. Ban san lokacin da na ƙwala wa taubashina kira ba. Ya fito da gudu ba takalmi, ya tsaya yana kallo, can ya share ido da bakin riga ya ce, "To bawana, tunda ka iya reno, sai mu ɗauke ka aiki. Tuwo sau biyu, ba albashi." Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Da na koma maƙera na daina ƙera linzami mai kaifi. Wasu mahaya suka yi fushi suka koma wajen wani, wasu suka ce mace ta sa ni na yi laushi. Na ce haka ne, kuma na gode mata. Dattawan da ke shirya sukuwa ma, da surutun jama'a ya ishe su, sun yarda a riƙa duba linzami kafin a tashi, a duba bakin doki bayan an dawo. Ba duka aka gyaru ba, har yanzu akwai masu taurin kai, amma an rage.

Taubashina kuwa ya bi hanyar da ya kamata mu bi tun farko. Da dokin ya murmure, kullum da safe sai ya hau shi da ragama kawai, ya yi ta zagaya wata bishiya a bayan gari, wata da watanni, har akawal ya gane abin da ake nufi. A sukuwar da ta biyo baya, da linzami mai sulɓi da na yini biyu ina gogewa, ya zagayo gawon lafiya lau ya zo na uku. Da yamma ya ci harawarsa har da neman ƙari, muna zaune muna kallonsa muna shan fura. Dokin yana nan har yau, ya tsufa, ya bar gudu. Likitar ma muna gaisawa, in ta zo rigakafi takan biyo maƙera. Har gobe tana ganin sukuwa da sauran gyara, ni kuma har gobe ba na son a daina ta, mukan yi gardamarmu mu rabu da dariya.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, in mutane suka taso suna sukar abin da kake ƙauna, ko da sun haɗa da zagi, kada ka yi saurin ramawa. Tashi ka je ka duba inda suke nunawa tukuna. Ni na tsaya kare sunan sukuwa a gaban duniya, alhali dokin da ya yi gudun yana can a turke kwana biyu bai ci ba.