Ɗigon da Aka Sa wa Sanda a Ido

Da daminar bana ƙanena Sanda ya cika shekara arba'in da uku a ƙasa. Ni da na girme shi da shekara tara ina nan, ina cin tuwo, ina zuwa kasuwar Mafara ran Talata. Ban yi boko mai nisa ba, amma akwai labarinsa da na daɗe ina bayarwa a karkace, kuma ina so in gyara shi a inda mutane da yawa za su gani.

Wanda bai ga shekarun gina dam ɗin Bakolori ba, zai yi wuya ya gane irin zuciyar da muke da ita a lokacin. Masu awo sun zo gonarmu ta gado a gefen Maradun da sanduna masu ja da fari, suka ce dubawa kawai suke yi. Kafin damina biyu gonar tana ƙarƙashin ruwa. Daga nan duk wanda ya zo daga wajen masu aikin dam, ko gaisuwa ya yi mini sai na nemi abin da ke bayanta.

Sanda ba haka yake ba. Ya karɓi aiki a wurin fasa dutse, kullum cikin ƙura, ga taba ba ta rabuwa da bakinsa. Yana yawan yabon ɗakin maganin ma'aikata, musamman wani disfensa mai ba da magani, ɗan Bakura, Malam Isa. Idan ɓarɓashin dutse ya faɗa wa mutum a ido, sai Malam Isa ya ɗiga masa wani ruwa, idon ya daina jin zafi, a cire dutsen mutum yana kallo. Na taɓa tambayar sunan ruwan, aka ce koken. Sunan bai tuna mini komai ba.

Wata shekara sai fatar idon Sanda na dama ta sauko, kamar mai jin barci da ido ɗaya. Wannan gefen fuskar kuma ya daina gumi. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi: "Sanda, rabinka na aiki, rabi na hutu!" Ni na raka shi wurin likitan ma'aikatan, wani Bature, Malam Isa yana yi mana tafinta. Likitan ya ɗiga ruwan nan a idanun duka biyu, ya ce mu jira a waje. Bayan kusan awa ɗaya ya haska su da tocila. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido mai lafiya ya buɗe ya yi faɗi. Na idon da muka kawo ƙara yana nan ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero.

Malam Isa ya ce, "Malam Bawa, likita ya ce idon ga lahiyatai lau. Jijiya ce ta taɓu, kuma ta ƙirji ta biyo. A tai Sakkwato a ɗauki hoton ƙirji, kar a daɗe."

Na ce, "Mi ya haɗa ido da ƙirji, Malam Isa? Maganinku ya kama mai lahiya ya bar maras lahiya, sannan ku ce mu tai wani wuri?"

Ya ce, "Ba warkarwa munka yi ba, dubawa ce."

Ina jin haka zuciyata ta rufe. Na ƙudurta cewa aibi suke nema a jikinsa su sallame shi daga aiki, kuma sun taɓa masa idon kirki don su ɓoye gazawarsu. A hanyar gida Sanda ya ce, "Yaya, mu tai mana. In ƙarya ce ai hoton zai nuna." Na ce in ya je ba da yawuna ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne a madadinsa. Sanda ya ce, "To."

Wata goma muka yi muna yi wa ido magani. Kwalli, hayaƙi, wanzami ya yi masa ƙaho a gefen goshi. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo muka ce ɗaukar guduma ne. Tari ya zo muka ce ƙura ce. Hannun ya shanye, Sanda ya rame, ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Hadiza, tana shekara uku. Ni na riƙe ta.

Bayan 'yan shekaru rediyo ya cika da labarin hodar iblis, aka ce ita ce koken. Ranar, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji, domin na samu shaida. Na tarar da Malam Isa a kasuwar dabbobi ta Bakura, na ce masa a gaban jama'a su suka kashe ƙanena da kayan maye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗigo biyu ne, kuma a kulle ake aje shi. Kun kai shi hoton?" Na juya na tafi. Da ya rasu ban je gaisuwa ba.

Hadiza ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Shekara shida da suka wuce, a wurin wani suna, ta ji ina ba baƙi labarin kamar yadda na saba. Da aka watse ta zo ta durƙusa kusa da tabarmata.

"Baffa, wane ido ne ya buɗe?"

Na ce mai lafiyar.

"Fuskarsa tana gumi duka?"

Na ce rabi. Sai ta yi mini bayani a hankali: haka gwajin yake. Ido mai lafiya ne ke amsawa. Wanda ya ƙi buɗewa shi ke shaida cewa jijiya ta taɓu a hanya, kuma sau da yawa ƙari ne a saman huhu. Ta ce har gobe likitoci na amfani da ruwan a wasu wurare, a ido da cikin hanci, da awo da kulawa. Abin da na ɗauka ɓarna, a nan ne likitan ya ga cutar.

Ina tunanin me Sanda zai ce da ya ga yau. Mai tallar magani ya zo a babur da lasifika, ya ce ƙwaya ɗaya tana maganin cuta goma, mutane na rububi ba mai tambaya. Wanda kuma ya zauna ya yi mana bayani, shi muke yi wa kallon maƙiyi. Ban daina zargi ba, kuma ba zan ce kowa ya daina ba, domin gonarmu da gaske ta tafi. Laifina shi ne na haɗa wanda ya cuce ni da wanda ya zo taimako na yi musu hukunci ɗaya, kuma ba jikina ne ya ɗauki hukuncin ba.

Sanda bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar Hadiza, wadda ba ta yi wa mutum allura sai ta gaya masa mene ne kuma don me. Ba ta san uban ba, amma haƙurinsa ne a bakinta.

Na tambaye ta sau uku ko da mun je Sakkwato zai rayu. Kowane lokaci takan ce, "Baffa, a wancan zamanin da wuya. Kwanansa ne ya ƙare." Wataƙila gaskiya ce. Amma ba ta kallon fuskata in tana faɗa, ni kuwa na san yarinyar da na rena. Na yi shekaru ina zargin waɗanda suka gaya mini gaskiya, yanzu ga ni ina zargin wadda take tausaya mini, kuma wannan karon ba ni da ƙarfin halin bin diddigi.

Allah Ya yi wa Sanda rahama, Ya haɗa da Malam Isa. In akwai 'ya'yansa a Bakura da wannan takarda za ta isa gare su, ubanku gaskiya ya faɗa.