Fitilar Natan a Cikin Tukunya

A unguwarmu ta Yahudawa a garin Sale na bakin teku, kowa ya san Natan Lumbrozo, mai ɗinkin ƙyallayen jirgin ruwa. Daga Fotugal ya gudo yana saurayi, bayan kotun coci ta ƙona mahaifinsa saboda bin addininmu a ɓoye. A can, ran Juma'a da magariba, matan gidansu a cikin tukunya suke kunna fitilar Asabar, don kada maƙwabta su hangi haske su kai ƙara.

Shekaru ya yi yana bin jiragen 'yan fashin teku. Idan an kama jirgin Kirista, kowa ya faɗa wa kaya, shi kuwa sai ya shiga cikin kamammu yana duba fuskoki. Shugaban jirginsu, Rayis Bushaib, yakan tsokane shi: "Kai Bayahude, mutane na ɗibar sukari, kai kana farautar dangi!"

Ya san namu da ke ɓoye da sunan Kirista ba ya amsa tambaya. Saboda haka duk Juma'a yakan ajiye tukunya da mai da lagwani a ɗakin kamammu, ya koma gefe.

Wata Juma'a wata mata mai gicciye a wuya, da ta ce sunanta Inasiya, ta daɗe tana kallon tukunyar. Da rana ta kusa faɗuwa sai ta jawo ta, ta kunna lagwanin a ciki, ta rufe idanu da tafin hannu. Natan ya matso, ya gaya mata da harshensu cewa ta iso gida, jama'a za su fanshe ta.

Ta dube shi, ta yi alamar gicciye. "Malam, duhu nake tsoro. Ni Kirista ce, uwata ma haka."

A ƙasarsu, da irin wannan daɗin baki ɗan leƙen asirin kotu yake zuwa, kuma da sanin haka aka rene ta. Natan ya kawo matarsa, ya kawo malaminmu, ya karanta mata addu'a. Ba ta sauya magana ba. Malamin ya ce ba za a ƙwace mace da ƙarfi daga addinin da bakinta ya ambata ba.

Da limaman coci masu fansar Kirista suka zo, ta bi su. Tare da ita aka tafi da sauran kamammun, waɗanda duk suka ga abin da ta yi da tukunyar. Sai da jirgin ya fita daga bakin kogi Natan ya tuna da wannan: bakin ɗaya daga cikinsu ya isa ya kai ta gaban kotun coci.

Shekara ta zagayo, wani ɗan kasuwa ya kawo labarin an ƙona wasu mata a Lisbon. Ya faɗi sunayen da ya riƙe, babu Inasiya, amma ba wanda ya san ko sunanta ne na gaskiya. Natan bai sake hawa jirgi ba. Har ya mutu yana tsayawa a majami'armu yana yi mata addu'ar matattu, idan ya zo wurin suna sai ya yi shiru, mu ce amin.