Teku a Falon Malam Ba'ana

Malam Ba'ana Ajimi yana da shekara sittin da ɗaya. Tsohon makanikin injinan ban-ruwa ne, ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, yana zaune a unguwar Moduganari a Maiduguri da matarsa Ya Kellu. 'Ya ɗaya Allah ya raya musu, Aisa, tana aure a Biu. A falonsa akwai akwatin gilashi mai tsawon ƙafa shida, cike da ruwan gishiri, da kifaye bakwai masu launi, da murjani mai rai a jikin duwatsu. Shi kansa bai taɓa ganin teku ba.

Akwatin asalinsa na wani Bature ne, injiniya, wanda Ba'ana ya yi aiki a ƙarƙashinsa a wajen noman rani ta bakin tafkin Chadi. Tun 1979 duk lokacin da famfon akwatin ya sami matsala shi ake kira gida ya duba. Yakan gama gyara ya ƙi tafiya, ya tsuguna yana kallo. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne murjanin. Shi dai ya san murjani a wuyan mata, ja, busasshe. Ga shi nan kuma yana buɗewa kamar fure in an kunna fitila, yana rufewa in an taɓa shi.

Da Baturen zai koma ƙasarsu a 1983, bai sami wanda zai karɓa ba sai Ba'ana. Ƙarti shida suka ɗora gilashin a mota, kifayen kuma a bokiti, aka sauke a Moduganari. Ya Kellu ta leƙa bokitin, ta ɗago ta dubi mijinta.

"Malam, wannan wane irin kifi ne? Ko rabin tukunya ba zai yi ba."

"Ba na ci ba ne."

"To na mene ne?"

"Na kallo."

Ta ce ita dai a iya saninta, mutum in yana son kallon kifi yakan je kasuwa ne, ya kalla, ya saya, ya dawo.

Riƙe teku a Maiduguri ba ƙaramin aiki ba ne. Gishirin kasuwa ba ya yi, sai wani na musamman da ake haɗawa, daga Ikko ake kawo shi. Amininsa Pindar, mutumin Biu ne, akawu a tashar jirgin ƙasa, shi ke sa a ɗoro masa buhu biyu duk wata uku, shi ne kuma ya laƙaba masa suna Sarkin Ruwa. Ruwan rijiyar burtsatse yana da kanwa, saboda haka da damina Ba'ana yakan tari ruwan sama a durom takwas, ya rufe, ya yi ta lallaɓawa har wata daminar. Zafi yana shanye ruwan akwatin ya bar gishirin, don haka kullum da safe sai ya auna da wata 'yar kwalba mai iyo, ya ƙara ruwa zalla. Duk mako biyu yakan zuƙe kashi ɗaya cikin goma ya zuba sabo. Da bazara, in rana ta take, yakan rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, ya juya fanka a kan ruwan, ya sa ƙanƙara cikin leda ta yi ta iyo. In an ɗauke wuta, yana wurin aiki ko yana wurin suna, sai ya hau babur ya je ya ta da janareta. Tun daga ranar da akwatin ya shiga gidan, sama da shekara ashirin ya yi bai kwana a wani gari ba.

Akwai doka ɗaya da Baturen ya nanata masa. Famfon iska yana zuƙar iskar ɗaki ne ya hura cikin ruwa, duk abin da ke cikin iskar nan kifi da murjani za su sha. Kada hayaƙi, kada maganin sauro, kada turare. Ba'ana ya riƙe wannan magana da hannu biyu.

To amma a garin nan, gidan da ba a turara shi ana yi masa kallon gidan da babu mace. Ya Kellu kuwa tun daga wajen kakarta ta gaji haɗa turaren wuta, har daga Gwange mata kan zo ta haɗa musu. Sai ga shi kaskonta ya koma can ƙuryar ɗakinta, ƙofa a rufe. Ƙawayenta suna tsokanarta, wai falonta ƙamshin bakin tafki yake yi. Falon kuma aka sa masa kwaɗo. Aisa lokacin tana da shekara goma sha biyar, a nan take karatu da rana saboda sanyin siminti. Ta kwashe littattafanta ta koma baranda. Shekara takwas aka yi a haka.

A watan Agusta na 1991 aka ɗaura auren Aisa da Nuraddeen, malamin makaranta da aka tura Biu. A kwalejin horon malamai suka haɗu, kowa ya yi na'am da abin. Da safe Ba'ana ya kulle falo, ya rataye mabuɗin a ƙusar ɗakinsa, ya fita wurin maza a ƙofar gida. Wajen sha ɗaya hadari ya haɗu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mata cike da tsakar gida, cikinsu har da gwaggwannin ango da suka zo ɗaukar amarya, tsofaffi, da lafayoyinsu masu tsada. Ɗakuna biyu sun cika. Ya Kellu ta ɗauko mabuɗin ta buɗe falo.

Ita ba ta ce a kai turare ba. Amma babu wata mace a gidan biki da za ta zaunar da surukai a ɗakin da ba ƙamshi. 'Yan'uwanta suka shigar da kasko uku, suka rufe tagogi saboda feshin ruwa. Wata tsohuwa kuma, da humra a hannunta har gwiwa, ta ɗaga murfin akwatin ta sa hannu don ta ji ko furen nan na gaske ne.

Sai bayan azahar Ba'ana ya shigo. Hayaƙi ya turnuƙe falon, kifayen sun taso sama suna haki, murjanin duk ya rufe. Ya buɗe tagogi, ya fitar da kaskon da hannunsa, matan suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ya shiga jidar ruwa daga durom, yana kaɗa gishiri, yana zuƙe tsohon ruwa da tiyo.

Da la'asar motar Biu ta tsaya a ƙofa, direba yana son su isa da sauran haske. Kafin a fita da amarya, ana kai ta gaban ubanta ta durƙusa, ya yi mata nasiha, ya sa mata albarka, ya damƙa ta a hannun dangin miji. Aka neme shi a waje ba a gan shi ba, sai aka kawo ta falo. Aisa ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, fuskarta a lulluɓe, gwaggwannin ango a tsaye bayanta.

"Malam, ga 'yarka," in ji Ya Kellu.

Hannunsa biyu suna cikin ruwa, yana ƙoƙarin tsamo wani kifi da ya kife. Bai waiwayo ba.

"Malam, mota na jira."

"Ku tafi da ita," ya ce. "Abin da nake da shi a gidan nan kun riga kun kashe."

Aisa ta ɗan jima a durƙushe. Daga nan ta miƙe da kanta, ba wanda ya kama ta, ta fita. Wani ƙanen Ya Kellu ne ya yi addu'ar a bakin mota.

Kifi biyu ne suka mutu. Bayan kwana huɗu murjanin ya buɗe sarai, kamar ba a yi komai ba. Ran nan Pindar ya zo, ya tsaya a gaban gilashin yana kallo.

"Sarkin Ruwa, talakawanka sun warke."

"Alhamdu lillahi."

"To ɗayar fa? Ita ma ta buɗe?"

Ba'ana ya duƙa yana auna ruwa. Pindar ya ce masa a Biu labarin ya riga amarya isa, har matar ƙanensa ta ji a kasuwa, ana nuna Aisa ana cewa ga wadda ubanta ya fi son kifi. Ya ce ya shirya su je tare ranar Asabar. Ba'ana ya ce ruwan bai gama daidaita ba, sai wani makon. Da makon ya zo gishiri ya ƙare, yana jiran jirgi. Daga baya kuma bazara ta shigo.

Aisa ba ta yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana zuwa Maiduguri sau biyu a shekara, ta sauka gidan innarta, 'yar'uwar Ya Kellu, a Gamboru, ta zo ta gaishe shi a zaure, a durƙushe, ta tambayi lafiyarsa, ta shige ɗakin uwarta. Falon dai ba ta sake takawa ba, ba ta kuma bar 'ya'yanta uku sun shiga ba. Shi kuwa duk zuwanta yakan shirya abin da zai faɗa, in ta durƙusa sai ya ji kansa yana tambayar ya hanya. Yakan ce wa Pindar shi ba da ita yake ba ran nan, da masu kasko yake. Pindar yakan ce ai ba masu kasko ne a durƙushe ba.

A watan jiya ya yi abin da bai yi ba shekara goma sha huɗu. Ya nuna wa Pindar yadda ake aunawa da yadda ake ta da janareta, ya shiga motar Biu. Aisa ta tarbe shi da kyau. Ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa, yara suka zo suka gaida kakansu. Nuraddeen ya yanka kaza. Da aka kawo abinci, aka bar su su biyu, sai ya ajiye cokali.

"Aisa, ranar nan da aka kawo ki..."

"Baba, abincinka zai huce."

Ya ci. Ya kwana ɗaya ya dawo. Da ya ba Ya Kellu labari, ta ce laifinsa ne, wa ya ce ya jira sai an kawo abinci, 'yar da ta haifa ce, ta san halinta. In zai faɗa ya faɗa tun daga bakin ƙofa, kafin ya cire takalmi, ko ta so ji ko ba ta so ba.

Jiya Litinin ya je tasha, ya kama kujerar gaba a motar Biu ta ranar Asabar.